Ƙuri'a a Matsayin Hanyar Neman Nufin Allah: Tarihinta a Tsakanin 'Yan'uwan Morabiya

Gabatarwa

Tambayar da wannan takarda ta sa a gaba tsohuwa ce ƙwarai a tarihin addinin Kirista, watau yaya mai bi zai san abin da Allah yake so ya yi a kan al'amarin da Littafi Mai Tsarki bai kama sunansa ba. Littafin ya hana sata da zina da shaidar zur, wannan ba gardama. Amma bai faɗa wa saurayi wadda zai aura cikin 'yan mata biyu masu ibada ba, bai kuma faɗa wa jama'a wanda za su naɗa shugaba cikin mutum uku da kowannensu ya cancanta ba. Amsoshin da Kiristoci suka bayar suna da yawa. Akwai masu dagewa da addu'a da azumi har zuciya ta natsu a kan abu ɗaya, akwai masu miƙa al'amarin ga shawarar dattawa, akwai kuma masu auna motsin zuciyarsu don su rarrabe wanda ya fito daga Allah da wanda ya fito daga Shaiɗan, kamar yadda Ignatiyus na Loyola ya tsara wa almajiransa a ƙarni na 16. Mu dai hanya ɗaya tak za mu ɗauka, wadda yawancin Kiristocin yau za su ji ta banbarakwai, watau jefa ƙuri'a. Za mu fi mai da hankali ga wata ƙaramar ikilisiya da ake kira 'Yan'uwan Morabiya, domin a ƙarni na 18 sun ɗora kusan dukkan mulkinsu a kan wannan hanya, sa'an nan suka sauke ta da hannunsu. Ke nan a wurinsu ana iya ganin amfaninta da aibinta gaba ɗaya.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu ɗan tsaya a kan kalmar kanta. A bakin Bahaushen yau, in an ce ƙuri'a, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ranar zaɓe da akwati da ƙidayar wanda ya fi magoya baya. Ba wannan muke nufi ba. Muna nufin ma'anar da kalmar ta zo da ita daga Larabci, inda ake rubuta sunaye ko amsoshi, a cakuɗa su, a sa wani ya zaro ɗaya bai gani ba. Malaman Musulunci sun san wannan ma'ana sarai daga ƙissar Annabi Yunusa a cikin jirgin ruwa, da ta alƙaluman da aka jefa don a san wanda zai riƙi Maryamu. A ƙuri'ar zaɓe ra'ayin mutane ake ƙirgawa. A wannan kuwa ra'ayin mutane ake so a kawar gefe, don a ganin masu yinta Allah ya sami wurin magana.

Tushen al'adar da gardamar da ta biyo ta

Kiristan da ke son kafa hujja da Tsohon Alkawari ba zai sha wahala ba. Da ƙuri'a aka raba ƙasar Kan'ana tsakanin kabilun Isra'ila a zamanin Joshuwa, da ita aka gano Akan wanda ya ɓoye ganima, da ita kuma aka nuna Saul a gaban jama'a cewa shi ne sarki. Littafin Karin Magana, sura 16 aya 33, ya nuna cewa mutum ne ke jefa ta amma hukuncin da ta fitar na Ubangiji ne.

A Sabon Alkawari ne gizo ke saƙa. Sura ta farko ta Ayyukan Manzanni ta ba da labarin yadda aka cike gurbin Yahuza Iskariyoti. A lura da jerin abin da aka yi. Da fari Bitrus ya kafa sharaɗi, cewa wanda za a zaɓa dole ya kasance yana tare da su tun daga baftismar Yahaya har ranar da aka ɗauke Yesu zuwa sama. Jama'a, mutum kamar 120, suka tsai da biyu, Yusufu da ake kira Barsaba da kuma Matiyas. Sai aka yi addu'a, daga nan aka jefa ƙuri'a, ta faɗa a kan Matiyas. Ashe hankali da shawara sun riga sun yi mafi yawan aikin kafin a zo ga ƙuri'a. To, bayan saukar Ruhu Mai Tsarki a ranar Fentikos ba a sake ambaton ta ba a matsayin hanyar yanke shawara. Mutum bakwai ɗin nan na sura 6 jama'a ce ta zaɓe su, babbar matsalar kaciyar al'ummai kuma a sura 15 da muhawara aka warware ta a Urushalima. Daga wannan shirun ne malamai irin su Yohanna Kirisostom, a ƙarshen ƙarni na 4, suka fahimci cewa manzanni sun yi ƙuri'a ne don a lokacin ba su riga sun karɓi Ruhu ba. Masu goyon bayan ƙuri'a kuwa cewa suka yi, abin da manzanni suka yi ba a kuma hana shi ba, halal ne har gobe.

Agustin na Hippo, wadda ke ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya tsaya tsaka-tsaki. Shi kansa a shekarar 386, a wani lambu a birnin Milan, buɗe wasiƙun Bulus ya yi ya karanta inda idonsa ya fara sauka, ya ɗauki ayar a matsayin saƙo gare shi. Duk da haka ya nuna rashin jin daɗinsa da masu buɗe Linjila don neman amsa a kan harkokin duniya, ko da yake ya ce gara hakan da zuwa wurin aljanu. Amma da aka tambaye shi, a lokacin da mayaƙan Bandal suka auka wa Afirka ta Arewa, wane ne cikin ma'aikatan ikilisiya zai tsaya da jama'a wane ne zai gudu don aikin ya tsira, sai ya ba da shawarar a jefa ƙuri'a in sun kasa daidaitawa. Majalisun bishop-bishop na ƙasar da ta zama Faransa, a Agde cikin 506 da Orleans cikin 511, sun haramta duba da littattafai masu tsarki, suka sa shi a layi ɗaya da bokanci. A farkon ƙarni na 13 Fafaroma Honoriyus III ya hana ƙuri'a a zaɓen shugabannin ikilisiya. Toma Akwinas kuma ya kasa ta gida uku: ta rabon kaya ko aiki, ta neman shawarar abin da za a yi, da ta neman sanin gaibu. Ta ƙarshen ya la'ance ta, ta farkon ya ƙyale ta, ta tsakiyar kuwa ya kewaye ta da sharuɗɗa masu tsanani, babbansu shi ne kada a yi ta sai bisa larura, don kada a gwada Allah. Wannan rabe-rabe zai yi wa mai karatu Bahaushe sauƙin ganewa in ya tuna bambancin da ke tsakanin magada da suka jefa ƙuri'a a kan gonaki biyu masu daraja ɗaya, da mutumin da ya je wurin mai bugun ƙasa ya ji ko tafiyarsa za ta yi kyau.

Lhotka, 1467

Asalin 'Yan'uwan Morabiya daga mabiyan Jan Hus ne, malamin Bohemiya da aka ƙona a Konstanz cikin 1415. A shekarar 1457 wasu daga cikinsu suka keɓe a ƙauyen Kunvald suka kafa jama'a ta kansu. Bayan shekara 10 suka fuskanci tambayar da ta fi ƙarfinsu: shin Allah ya yarda su naɗa firistocinsu da kansu, su yanke igiyar da ta ɗaure su da Roma? A wurinsu wannan batu ne na ceton rai, domin in naɗin bai inganta ba, baftismar da jibin da waɗannan mutane za su bayar ma ba su inganta ba.

Suka taru a Lhotka cikin 1467. Suka zaɓi mutum 9, suka tanadi 'yan takardu 12, uku daga ciki an rubuta musu kalma ɗaya mai nufin "shi ne", sauran 9 ba kome a jikinsu. Aka kira yaro ya zaro ya ba kowane ɗaya cikin mutanen nan takarda ɗaya. Dukkan takardu ukun masu rubutu suka fito, suka faɗa a hannun Matiyas na Kunvald da Toma na Prelouc da Iliya na Chrenovice. Dabarar ƙarin takardu ita ce a bar wa Allah ƙofar da zai ce a'a, domin mai yiwuwa ne masu rubutun su maƙale a cikin tukunya. Sai dai in muka yi lissafi za mu ga ƙofar nan ƙunci gare ta. Hanyoyin zaro takarda 9 daga cikin 12 guda 220 ne, kuma ɗaya ce rak cikinsu za ta bar mutanen duka hannu wofi, alhali 84 za su fitar da ukun gaba ɗaya. Ba muna cewa 'Yan'uwan sun yi maguɗi ba ne, don a zamaninsu ba a riga an tsara ilmin irin wannan lissafi ba. Abin da muke so a riƙe shi ne wanda ya tsara tambaya ya riga ya sa hannu a cikin amsa, ko ya sani ko bai sani ba. Wannan matsala za ta sake ɗagowa.

Herrnhut

Bayan yaƙin Farin Dutse na 1620 aka murƙushe wannan ikilisiya a ƙasarta, ta koma ɓoye har shekara ɗari. A 1722 wani kafinta mai suna Christian David ya kawo 'yan gudun hijira kaɗan daga Morabiya zuwa gandun wani matashin basarake na ƙasar Saksoni a Jamus, Nikolaus Ludwig von Zinzendorf, wanda aka haifa a 1700. Suka kafa gari suka sa masa suna Herrnhut, ma'ana ƙarƙashin tsaron Ubangiji. Cikin 'yan shekaru garin ya cika da mutane masu aƙidu dabam-dabam, kowa na kafirta ɗan'uwansa. A watan Mayu na 1727 Zinzendorf ya shawo kansu suka amince da ƙa'idodin zama tare, aka zaɓi dattawa 12, aka fitar da manya 4 daga cikinsu ta hanyar ƙuri'a. A garin da babu ɓangaren da zai yarda ɗan wani ɓangare ya shugabance shi, da wuya a sami wata hanya da ba za ta bar baya da ƙura ba.

Abin da ya ba ƙuri'a kwarjini a idon jama'a shi ne ta taɓa kayar da mai garin kansa. A farkon 1731 Zinzendorf, wanda ɗan ikilisiyar Luther ne, ya kawo shawarar a ajiye tsoffin ƙa'idodin Morabiya a narke cikin ikilisiyar ƙasa. Mutanen da suka bar gonakinsu da gidajensu saboda waɗannan ƙa'idodi suka ƙi. Aka rubuta ayoyi biyu, ɗaya daga 1 Korintiyawa sura 9 inda Bulus ya nuna yakan zama kamar mutanen da yake wa wa'azi don ya jawo su, ɗaya daga 2 Tasalonikawa sura 2 mai umurni da a riƙe koyarwar da aka gada. Ƙaramin yaro ya zaro ta biyun. Basaraken da ƙasar da suke zaune a kanta tasa ce ya sunkuyar da kai. In da ɗaya takardar ce ta fito, mai yiwuwa da ba wata ikilisiya mai wannan suna a duniya.

Tsarin da suka zauna a kansa daga baya shi ne amsoshi uku: i, da a'a, da farar takarda wadda ba a rubuta kome ba. Farar tana nufin lokaci bai yi ba, ko kuma tambayar ce ba a tsara ta daidai ba. Dattawa ne ke yi a zamansu, bayan sun tattauna sun yi addu'a. Da ita ake karɓar baƙo ya zama ɗan gari, da ita ake ba mutum izinin cin jibin Ubangiji, da ita ake naɗa ma'aikata, har wurin da za a kafa sabon gari ma ita ake tambaya. Garin Salem a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, sai da ƙuri'a ta ƙi wurare da dama kafin ta amince da inda aka gina shi, ranar 14 ga Fabrairu, 1765.

A fagen aikin bishara ne aka fi ganin nauyin abin. A 1731 Zinzendorf ya je bikin naɗin Sarki Christian VI a Kopenhagen, ya gamu da wani baƙin mutum mai suna Anton, wanda aka kawo daga tsibirin St. Thomas inda bayi ke noman rake. Anton ya zo Herrnhut ya ba da labarin halin da 'yan'uwansa ke ciki. Samari biyu, Leonhard Dober maginin tukwane da Tobias Leupold, suka ce sun ji kira. Jama'a ba ta yi garaje ba, ta bar su suna jira har shekara guda, yawancin dattawa ma gani suke yi ɗokin ƙuruciya ne. Da aka kai maganar ga ƙuri'a sai ta sallami Dober, ta tsai da Leupold. Ranar 21 ga Agusta, 1732, Dober ya kama hanya tare da David Nitschmann, suka isa tsibirin a watan Disamba. Leupold ya sami tafiya daga baya cikin ayarin mutum 18 da suka sauka a tsibirin St. Croix a 1734, inda zazzaɓi ya kashe fiye da rabinsu cikin ɗan lokaci, har da shi. A gaɓar tekun ƙasar Gana ta yanzu ma, waɗanda aka aika a 1768 da 1770 duka sun mutu ba da jimawa ba.

A nan ne, a ganinmu, amfanin ƙuri'a na gaskiya yake a wurin mutanen Herrnhut. Garin ƙarami ne, kowa ya san kowa. Dattijon da ya ce wa ɗan maƙwabcinsa tafi, bayan wata shida labarin mutuwa ya iso, da wane ido zai dubi uwar yaron a majami'a? Ƙuri'a ta ɗauke wannan kaya daga kan dattawa. Shi ma mai tafiyar ta ba shi abin da zai riƙe a daren da zazzaɓi ya kwantar da shi, watau tabbacin cewa ba son kansa ne ya kawo shi nan ba, ba kuma ƙiyayyar wani babba ba ce. Mai sukar ƙuri'a yana iya cewa wannan tabbaci na bogi ne. Amma ba zai iya musun cewa da shi ne gari mai mutum 'yan ɗaruruwa ya aika ma'aikata zuwa Girinlan a 1733 da Afirka ta Kudu a 1737, tun shekara 60 kafin manyan ƙungiyoyin mishan na Ingila su kafu ba.

Ƙololuwar al'amarin ta zo ne a Landan ranar 16 ga Satumba, 1741. Dober, wanda aka dawo da shi daga St. Thomas aka naɗa shi Babban Dattijo, ya ce kayan ya fi ƙarfinsa ya sauka. Shugabanni suka zauna neman magaji, duk sunan da suka kawo ƙuri'a ta ƙi shi. Sai tunani ya zo musu cewa ko Mai Ceto ne da kansa yake son riƙe muƙamin. Suka tambaya, amsa ta fito i. Ranar 13 ga Nuwamba aka sanar da jama'a, ranar ta shiga cikin bukukuwan ikilisiyar. Daga wannan lokaci ƙuri'a ta tashi daga dabarar raba gardama ta zama bakin da Shugaban ikilisiya ke magana da shi a zaman majalisa. Wanda ya ja da ita, da Almasihu yake ja. Mu kam muna ganin a nan ne aka ɗora mata kayan da zai karya ta.

Wesley da Whitefield

Ba 'Yan Morabiya kaɗai abin ya shafa ba. John Wesley, wanda daga baya ya kafa tafarkin Metodis, ya yi tafiyar jirgin ruwa da su zuwa Jojiya ta Amurka a ƙarshen 1735, natsuwarsu a cikin hadarin teku ta burge shi, ya kuwa ɗauki al'adar. A Savannah zuciyarsa ta kamu da son wata budurwa, Sophia Hopkey, amma yana tsoron aure zai raba shi da aikin Allah. Ranar 4 ga Maris, 1737, shi da abokinsa Charles Delamotte suka rubuta amsoshi uku, na aure da na jinkiri da na haƙura ɗungum, aka zaro ta ƙarshen. Bayan kwana 8 yarinyar ta auri wani, William Williamson. Ƙuri'a ta yanke hukunci, amma ba ta cire son daga zuciya ba. A watan Agusta Wesley ya hana ta jibin Ubangiji a gaban jama'a, danginta suka kai shi ƙara, a watan Disamba ya bar garin da dare bai sake komawa ba.

Da ya iso gaɓar Ingila a farkon 1738 ya tarar abokinsa George Whitefield yana shirin tashi zuwa Jojiya. Wesley ya jefa ƙuri'a a kansa, ya aika masa da takarda cewa amsar ta ce ya koma Landan. Whitefield ya yi addu'a, ya tuna labarin annabin nan na 1 Sarakuna sura 13 wanda ya bar umurnin da Allah ya ba shi saboda maganar wani annabi har zaki ya kashe shi, sai ya yi tafiyarsa. A 1739 kuma, a Bristol, Wesley ya sake tambayar ƙuri'a ko ya yi wa'azi gāba da koyarwar ƙaddarar zaɓaɓɓu, wadda Whitefield ya yi imani da ita, amsa ta ce ya yi wa'azin ya kuma buga shi. A wasiƙar da Whitefield ya rubuta masa ranar 24 ga Disamba, 1740, wadda aka buga jama'a suka karanta, ya tono masa maganar ƙuri'ar farko, ya ce ga shi ta taɓa ba shi amsar da ba daidai ba, ya kuma zarge shi da gwada Allah. Hujjar Whitefield tana da ƙarfi ta fuska biyu. Koyarwa gaskiya ce ko ƙarya ce bisa ga abin da Littafi ya ce, ba a gano ta da zaro takarda. Sa'an nan ƙuri'ar da mutum ya jefa shi kaɗai a ɗakinsa ba ta da ikon ɗaure wani da bai nemi a jefa masa ba. Sai dai don adalci mu ambata cewa zuwan Wesley Bristol kansa, inda ya fara wa'azi a fili ranar 2 ga Afrilu, 1739, aikin da ya sauya fuskar addini a Ingila, da ƙuri'a jama'arsa ta Fetter Lane ta yanke shi. Masu goyon baya da masu suka kowa na da abin ɗauka a rayuwar mutumin nan.

Aure, da yadda aka sauke ta

Bayan mutuwar Zinzendorf a 1760, majalisun ikilisiyar da suka zauna a Marienborn cikin 1764 da 1769 suka yi wa ƙuri'a dokoki. Ba a tambayar ta abin da Littafi ya riga ya bayyana, ba a kuma kai mata magana sai an gama tattaunawa. Dokokin sun rage ɓarna amma sun kuma tona asiri. Tun da dattawa ne ke zaɓen abin da za a tambaya, da kalmomin da za a tambaya da su, da lokacin da za a sake tambaya in farar takarda ta fito, talakan gari yana iya gani da idonsa cewa hannun mutum bai fita daga cikin al'amarin ba.

Aure ne ya kawo ƙarshenta. A garuruwan 'Yan'uwa samari gidansu dabam, 'yan mata gidansu dabam, kowane rukuni da mai kula da shi. Saurayin da ke son aure yakan gaya wa mai kula da samari, ya ambaci suna ko ya bar wa dattawa. Su duba halin biyun da sana'ar saurayin, sa'an nan su jefa ƙuri'a. In ta ce i, sai mai kula da 'yan mata ta kai wa yarinyar maganar, tana kuwa da ikon ƙi. In ta ce a'a, magana ta mutu, yarinyar ma watakila ba za ta taɓa jin an nemi aurenta ba. Mutanen farko, waɗanda suka zo Herrnhut da ƙafarsu, sun karɓi wannan da farin ciki, domin a wurinsu aure ma aikin ikilisiya ne. Jikokinsu kuwa haihuwarsu aka yi a ciki, ba su zaɓa ba. Elisabeth Sommer, wadda ta bi littattafan zaman dattawan Salem da na Jamus, ta nuna yadda a ƙarshen ƙarni na 18 samari suka fara neman aure a ɓoye, wasu suka gwammace barin gari da barin wadda suke so, a Amurka kuma maganar 'yanci da ta biyo bayan yaƙin neman mulkin kai ta ƙara wa wutar mai. Mutum yana iya yarda takarda ta aika shi tsibirin da zai mutu, in shi ne ya miƙa kansa. Da wuya ya yarda ta raba shi da wadda yake gani kullum a majami'a, musamman in yana zargin cewa da dattawa sun so da sun sake tambaya. A majalisar 1818 aka ɗage wajabcin ƙuri'ar aure ga jama'ar Amurka, na Turai suka biyo baya, aka bar ta ga ma'aikata da 'yan mishan na wani lokaci. Majalisar 1889 ta fitar da ita daga tsarin mulkin ikilisiyar baki ɗaya.

Wasu ikilisiyoyi sun riƙe ta a wuri ɗaya, wurin da Ayyukan Manzanni ya ajiye ta, watau zaɓen shugaba bayan mutane sun tace sunaye. A Mosko cikin 1917 majalisa ta tsai da mutum uku, wani tsohon mai zuhudu ya zaro sunan Tikhon, wanda shi ne mafi ƙarancin magoya baya cikinsu, shi ya fuskanci gwamnatin Bolshebik. Kibɗawan Masar ma haka suka yi ranar 4 ga Nuwamba, 2012, a Alƙahira, inda yaro da aka ɗaure wa ido ya zaro sunan Tawadros II cikin uku. Amfaninta a irin waɗannan wurare a fili yake: mai mulki yana iya matsa wa masu zaɓe, amma matsa wa hannun yaro da wuya.

Abin da ya rage a Herrnhut

Akwai ƙuri'a ɗaya da majalisar 1889 ba ta taɓa ba. Tun ranar 3 ga Mayu, 1728, Zinzendorf ya fara ba jama'a 'yar gajeriyar magana da za su riƙe washegari, kamar yadda ake ba sojoji kalmar sirri ta dare, aka riƙa bi gida-gida ana faɗa. A 1731 aka fara buga na shekara guda a littafi, ba a kuwa fasa ba ko a shekarun yaƙi. Ayoyin Tsohon Alkawari na kowace rana zaro su ake yi daga cikin kimanin 1,800, shekaru kaɗan kafin shekarar da za a karanta su, sa'an nan a zaɓo ayar Sabon Alkawari da ta dace a haɗa. An fassara littafin cikin harsuna fiye da 50, yawancin masu karanta shi ma ba 'Yan Morabiya ba ne. Bambancinta da ta dā shi ne ba tambaya aka yi mata ba, saboda haka ba i ko a'a take bayarwa ba. Aya ce ake ajiye wa mutum, shi ya san abin da zai yi da ita.

Ɗaya daga cikin masu karanta wannan littafi kullum shi ne malamin tauhidin nan na Jamus, Dietrich Bonhoeffer. A watan Yuni na 1939 abokansa suka fitar da shi zuwa New York don su tsirar da shi daga gwamnatin Hitler, suka nemar masa aiki. Littafin da yake rubuta al'amuransa na kwanakin nan cike yake da ayoyin Herrnhut, yana juya su yana auna kansa da su. Ranar 20 ga Yuni ya ƙi aikin, ya kuma rubuta cewa shi kansa bai ga dalilansa sarai ba. Bayan kwana 6 ya ci karo da wurin nan a ƙarshen 2 Timoti inda Bulus yake roƙon almajirinsa ya yi ƙoƙari ya iso kafin hunturu, maganar ta bi shi yini guda. Shawarar ta riga ayar zuwa. Ya shiga jirgi a watan Yuli ya koma Jamus, aka kama shi a 1943, aka rataye shi a sansanin Flossenbürg ranar 9 ga Afrilu, 1945.